Dunƙule Huɗu

Sajo zai hawo daga Garwa a watan takwas,
yaron da bai san sanyi ba sai na randa.
Nan Ngaundare kuwa, in damina ta zauna da gindinta,
sai ƙashi ya faɗa maka shekarunka.
Na ce rigar ulu zan saƙa masa.
Faɗa ba ta cin zare.

Awon da ke hannuna ya kwana biyu.
Igiyar zane ce na zagaya masa a ƙirji yana barci,
na ƙulle inda ta haɗu: ɗani biyu da rabi.
Tsawon hannu ban samu ba, ya motsa.
Wata biyar ke nan,
ɗan shekara biyu kuwa kabewar bayan ɗaki ne,
kana juya baya ya ƙara.

Baba Garga mai zare a ƙaramar kasuwa
bai ko ɗago kai daga rediyonsa ba.
"Uku ya isa."
Shi da bai taɓa riƙe tsinken saƙa ba.
Fanta maƙwabciyata ta ce shida,
amma Fanta ko tuwon mutum biyu ta tuƙa
sai kaji sun gaji da shi.

Sai na koma ga hannuna.
Na saƙa ɗan gwaji, faɗin tafi, tsawon tafi,
na warware, na miƙa zaren daga yatsa zuwa yatsa:
gaba tara.
Na shimfiɗa takardar siminti, na zana rigar da gawayi,
na bi ta da tafi ina ƙirgawa,
ƙirji tara, baya tara, hannuwa sha biyu.
Talatin sau tara.
Dunƙule ɗaya gaba saba'in ne, in mai naɗi ya ji tsoron Allah.
Huɗu ke nan, har da rarar goma.
Na zaɓi shuɗi, rini ɗaya, na sa jikar Fanta ta duba mini lamba,
na biya ban nemi ragi ba
don na ji daɗin kaina.

Ashe lissafi bai san wuya ba.
Wuya ya ci nasa, bakin ƙasa ya ci nasa.
Daren da aka ɗauke wuta hannuna ya saki,
idon saƙa ya buɗe, ban gani ba sai da safe.
Sannan Dudu ta ce a waya takalminsa ya matse shi,
na ajiye waya na ƙara sahu shida.

A hannun hagu zare ya tsaya.
Saura yatsa huɗu.
Na riƙe wutsiyarsa kamar zan roƙe shi.

Garga ya ce wancan shuɗin ya ƙare tun makon jiya.
Wanda ya miƙo mini shuɗi ne, ban musa ba,
amma ɗan ƙanen uba ne, ba ciki ɗaya ba.

Da dare na buɗe akwati.
Hular sanyin Malam na nan a ƙasa,
wadda yake sawa in yana aikin dare a tashar jirgi,
ruwan ƙasa, da ɗan warin man inji da ya ƙi sabulu.
Shekara bakwai ban taɓa ta ba.
Na nemo bakin zaren, na ja.
Ya taho a murɗe, yana tuna kan mai shi.
Na tara shi a tururin buta har ya miƙe.

Yanzu hannun dama shuɗi ne har ƙarshe,
na hagu ya ƙare da ruwan ƙasa.
Fanta ta ce in warware na dama su yi daidai.
Na ce bari, da shi zai koyi hagu da dama.

Abin da ya ragu kamu ɗaya ne.
Na sa a bakin zane.
In ya yi barci ranar da suka iso,
da shi zan auna hannun.